Takin Ragowar Amfanin Gona da Takin Zamani: Wanne Ya Fi Yi wa Kokwamba Aiki?

Kokwamba shuka ce mai gaggawa. Daga ranar da aka binne iri zuwa ranar tsinkar fari kwana 40 ne zuwa 55, gwargwadon irin da aka shuka da zafin gari, daga nan kuma sai a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku har na tsawon makonni. Saiwarta ba ta yin nisa, yawancinta tana cikin santimita 30 na saman ƙasa. Ɗan da ake tsinka kuwa, kashi 95 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Duk takin da za a yi wa kokwamba da waɗannan abubuwa ake auna shi: zai saki abinci a kan kari? Abincin zai tsaya inda gajeriyar saiwa za ta kai gare shi? Zai taimaki ƙasa ta riƙe laima? Takin da ya wadatar da rogo, mai watanni yana jira, yana iya makara wa kokwamba har a tashi daga gonar bai fara aiki ba.

A kan wannan ma'auni muka ɗora taki iri biyu. Na farko takin zamani, wato kamfa da yuriya da 'yan'uwansu. Na biyu wanda ake ruɓarwa daga ragowar amfanin gona, irin su karan masara da na dawa, karan shinkafa da buntunta, harawa, ɓawon gyaɗa da sauransu. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, a shukar farko, idan dole sai an zaɓi ɗaya, a yawancin gonaki na buhu, wato takin zamani, ne zai fi ba da 'ya'ya, saboda naitirojin ɗinsa, sinadarin da ke gina ganye da jikin shuka, a shirye yake. Sai dai buhu shi kaɗai yana barin giɓi biyu da kokwamba ba ta yafewa, wato laima da fotash, sinadarin da 'ya'ya suka fi ci, kuma nan ne ƙarfin takin ragowa yake, muddin ya ruɓe ya nuna kafin ya shiga gona.

Abin da ke cikin buhu

Babban abin yabo ga takin zamani shi ne ba ya ɓoye abin da ya ƙunsa. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 7.5, fosfat kilo 7.5, fotash kilo 7.5. Buhun yuriya yana da naitirojin kilo 23, domin kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Tun lokacin da masanin kimiyya Fritz Haber ya nuna yadda ake kama naitirojin daga iska a 1909, Carl Bosch kuma ya mai da abin masana'anta a Jamus a 1913, wannan tabbacin ne manomi yake saye: ya san abin da ya zuba, ya san ranar da zai fara aiki.

Kokwambar da aka shuka a fili tana bukatar naitirojin wajen kilo 80 zuwa 120 a hekta, gwargwadon ƙarfin ƙasa. A ɗauka an bar mita 1 tsakanin layi da layi, santimita 50 tsakanin gindi da gindi, hekta za ta ɗauki gindi 20,000. Buhu 8 na kamfa za su ba da kilo 60 na kowane sinadari cikin ukun, wato giram 20 ke nan ga kowane gindi. Buhu 2 na yuriya za su ƙara naitirojin kilo 46, jimilla 106, wato giram 5 ga gindi, wanda ya kamata a raba shi gida biyu. Kada a dogara da ƙiyasin hannu. A auna giram ɗin sau ɗaya a sikeli, a nemi murfi ko cokalin da ya yi daidai da shi, shi ne zai zama ma'aunin gonar.

Aikinsa a bayyane yake. Kokwambar da tsofaffin ganyenta suka fara ɗashewa don yunwar naitirojin, in aka ba ta yuriya aka shayar da ita, cikin mako guda kore zai dawo. Babu takin ragowa da zai iya wannan.

Matsalolinsa daga wannan saurin suke fitowa. Takin zamani gishiri ne, kokwamba kuwa ba ta da juriyar gishiri sosai. A jadawalin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi, amfaninta yana fara raguwa da zarar gishirin ƙasa ya haura maki 2.5 a ma'aunin gishirin ƙasa (dS/m), kuma duk ƙarin maki ɗaya yana cin kusan kashi 13 cikin 100 na amfanin. Shi ya sa giram 20 na kamfa da aka zuba cikin ramin iri yake kashe tsiro: ruwa ne yake fita daga saiwa zuwa ƙasa maimakon ya shiga, sai a ga gefen ganye ya ƙone, tsiron ya yanƙwane alhali ƙasa a jiƙe take. Wurin taki shi ne tsaga mai zurfin santimita 5, nesa da gindi da santimita 8 zuwa 10, a rufe da ƙasa, a bi da ruwa.

Rufewar nan ba ado ba ce. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa mai ɗumi aka bar ta a buɗe tana rikiɗa ta zama iskar amoniya, kuma rubu'inta ko fiye yana iya tafiya cikin 'yan kwanaki. Wadda ta tsira ta shiga ƙasa tana komawa naitiret, wato nau'in naitirojin da ke narke cikin ruwa, shi kuma ƙasa ba ta riƙe shi, yana bin ruwa duk inda ya nufa. A jigawa, ruwan sama mai ƙarfi sau ɗaya ko ban ruwan da ya wuce kima ya isa ya kai shi ƙasa da santimita 30, inda saiwar kokwamba ba ta zuwa. Wanda ya zuba duk takinsa lokaci guda ya ciyar da shukar mako biyu ne kawai.

Wasu kuma garin gudun haka sai su cika hannu. Kokwamba tana fitar da fure namiji da fure mace a jiki ɗaya, namijin ne ke fara fitowa, macen ita ce mai ɗan ƙaramin kokwamba a gindinta. Yawan naitirojin, musamman a lokacin zafi, yana sa shukar ta ba da ƙarfi ga yaɗo da ganye, furen mace ya makara. Ganyen da ya yi laushi ya yi duhu kuma shi ne abin son kwarkwatar ganye, wadda ke yaɗa cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare ya murɗe. Gona ta yi kyan gani daga nesa, kwando kuma ba ya cika.

Giɓin da ba a cika lura da shi ba shi ne fotash. Kowane tan na 'ya'yan kokwamba yana fita daga gona da naitirojin wajen kilo 1, amma fotash ɗin da yake ɗauka ya haura kilo ɗaya da rabi. Ma'ana, daga ranar da aka fara tsinka, fotash shukar ta fi ci. Tsarin kamfa da yuriya da muka lissafa a sama ya ba da naitirojin 106, fotash 60 kacal. Ana iya cikewa da takin fotash zalla, amma a duba irinsa. Mai kulorayid, wanda ake rubuta wa MOP, yana da fotash kashi 60, sai dai kusan rabin nauyinsa kulorayid ne, yana ƙara wa ƙasa gishiri. Mai sulfa, wato SOP, yana da kashi 50, kuma shi ya fi dacewa da kokwamba, musamman a noman rani inda babu ruwan sama da zai wanke ƙasa.

Sai tsami, wanda ba ya nuna kansa a shekara ɗaya. Kokwamba ta fi son ƙasa mai maki 6.0 zuwa 6.8 a ma'aunin tsami (pH). Kowane kilo na naitirojin da ya fito daga yuriya yana barin tsamin da sai wajen kilo 1.8 na farar ƙasa zai kashe shi, na takin amoniyam salfet kuwa ya kusa ninka haka sau uku. Bayan 'yan shekaru sai a ga buhunan da suka saba wadatarwa sun daina, a yi zaton takin ne ya lalace, alhali ƙasar ce ta yi tsami ta ɗaure fosfat.

Ragowar gona ba jinsi ɗaya ba ce

Kuskuren da ya fi jawo wa takin ragowa baƙin jini shi ne binne ɗanyen kara, wato wanda bai ruɓe ba, dab da shuka. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kara suna cin kabon don samun ƙarfi, suna kuma bukatar naitirojin don gina jikinsu, kusan kashi 1 na naitirojin ga kowane kashi 25 zuwa 30 na kabon. Karan masara yana da kabon wajen 55 ga naitirojin 1. Karan shinkafa ya kai 60 zuwa 80. Buntu ya kan kai 100, garin katako kuwa ɗaruruwa. Da yake sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ƙwayoyin sai su juya kan naitirojin ɗin da ke cikin ƙasa su kwashe shi don su iya cin karan, kuma sun fi saiwa saurin kai hannu. Naitirojin ɗin bai ɓata ba, zai dawo bayan sun gama sun mutu, amma hakan kan ɗauki mako huɗu zuwa takwas. Ga kokwamba wannan shi ne dukan lokacin da take gina jikin da zai ɗauki 'ya'ya. Sai a ga tsiro ya yi rawaya ya tsumbure a gonar da aka cika da kara, a ce takin gargajiya ba ya aiki.

Harawar wake da ta gyaɗa da ganyen waken suya suna can ɗaya ɓangaren, kabon ɗinsu wajen 20 ga 1 ne, suna ruɓewa da wuri kuma suna sakin naitirojin. Su ne zuciyar tsibin taki idan babu kashin dabbobi. Karan shinkafa talaka ne a naitirojin amma mawadaci ne a fotash, domin kusan kashi 80 cikin 100 na fotash ɗin da shinkafa ta sha a cikin kara yake zama, ba a ƙwaya ba. Ɓawon ayaba da kwasfar koko su ma fotash ne ƙarfinsu. Ɓawon gyaɗa da totuwar masara suna da taurin ruɓewa, amfaninsu a tsibi shi ne buɗe hanyar iska. Buntun shinkafa kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce, yawancinta silika, shi ya sa yake wata shida ko fiye bai narke ba. Mun fi ganin a turara shi ya zama gawayi, ba tare da an bar shi ya koma farar toka ba, a gauraya da taki. A haka yana sassauta ƙasa mai laka, amma kada a lissafa shi cikin abincin shuka.

Tunkuzar da ke saura bayan an matse mai ita ce mafi ƙarfi a cikinsu. Ta gyaɗa tana da naitirojin wajen kashi 7 cikin 100. Ta darbejiya ba ta kai haka ba, amma tana rage saurin komawar yuriya naitiret, abin da ya sa Indiya ta wajabta lulluɓe yuriyar da ake yi a ƙasar da man darbejiya tun 2015, sannan tana rage ƙarfin tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli, wadda ke cikin manyan abokan gabar kokwamba a ƙasa mai yashi. Tunkuza tana zafi idan ta fara ruɓewa, don haka a gauraya ta da ƙasa mako biyu kafin shuka.

Toka fa? Wanda ya ƙone kara ya riƙe fotash da kalsiyam, amma naitirojin da kabon sun bi hayaƙi. Toka tana kashe tsami, don haka tana da amfani a ƙasa mai tsami, giram 50 zuwa 100 a murabba'in mita, ba fiye ba. Kada a haɗa ta da yuriya ko kashin kaji a wuri ɗaya, tana kore naitirojin ɗinsu ya tashi a matsayin amoniya.

Yadda ake haɗa tsibin da zai nuna

Tsarin jera busasshe da ɗanye hawa-hawa ana juyawa tsohon abu ne, masanin noma Albert Howard ya tsara shi a garin Indore na Indiya tsakanin 1924 da 1931, kuma har yau shi ne tushen aikin. Abin nema shi ne haɗin ya zo kusa da kabon 30 ga naitirojin 1. Ga busasshen karan masara kilo 100, akwai hanya uku: a ƙara harawa kilo 100, ko busasshen kashin kaji kilo 30 zuwa 35, ko kuma, ga wanda ba takardar shaidar noma marar sinadari yake nema ba, yuriya kilo ɗaya da rabi a narka a ruwan da za a yayyafa. A daddatse karan kada ya wuce santimita 10, domin dogon kara sai ya shekara yana nan. Tsibin ya kai faɗin mita ɗaya da rabi da tsayin sama da mita 1, wanda bai kai haka ba ba ya riƙe zafi. Kowane hawa na kara mai kaurin santimita 15 zuwa 20 a bi shi da siririn hawa na harawa ko kashi, a yayyafa ruwa.

Laimar da ake so kashi 50 ce zuwa 60. A damƙa a matse a hannu: in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ne. In ruwa ya zubo, ya yi yawa, iska ba za ta shiga ba, tsibin zai yi ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, sai a buɗe shi a ƙara busasshen kara. In ya warware a hannu bai dunƙule ba, ya bushe, ruɓewa ta tsaya. Warin amoniya mai hawa hanci alama ce ta naitirojin ya yi yawa yana tsiyayewa ta iska.

Cikin kwana uku zuwa biyar tsakiyarsa za ta kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya soka ƙarfe na minti goma, in ya zaro ya ji ba ya iya riƙe shi da daɗewa, zafin ya kai. Ƙa'idar Amurka ga tsibin da ake juyawa ita ce ya zauna a digiri 55 ko sama na kwana 15, a juya shi sau 5 a ciki, yadda gefen da bai ji wuta ba zai shiga tsakiya. Wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. Bayan nan a riƙa juyawa duk mako biyu. Tsibin kara da harawa kan nuna cikin mako 8 zuwa 12, sannan a bar shi ya huce wata guda a inuwa, a rufe, domin ruwan sama yana wanke fotash daga buɗaɗɗen tsibi cikin sauƙi.

Ba a yarda da launi kaɗai. Takin da ya nuna ba ya sake yin zafi bayan an juya shi, ba a gane abin da aka yi shi da shi, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Gwajin da ya fi tabbaci shi ne a tambayi kokwambar da kanta: a shuka iri 20 a haɗin rabin taki rabin yashi, wasu 20 a yashi zalla, a jira kwana 7 zuwa 10. In na cikin takin sun yi ƙasa a fitowa, ko saiwarsu ta yi gajarta ta yi ruwan ƙasa, takin bai gama ba, har yanzu yana da amoniya ko tsamin ruɓewa.

Lissafin da masu yabon takin ragowa ba su cika yi ba

A ɗauka an zuba tan 10 a hekta, wato kilo 1 a murabba'in mita. In laimarsa kashi 40 ce, busasshensa tan 6 ne. In naitirojin ɗinsa kashi 1.5 ne, wanda taki mai kyau ke nan, akwai kilo 90 a ciki. Adadin ya yi kama da abin da kokwamba ke bukata, amma takin da ya nuna ba ya sakin fiye da kashi 10 zuwa 20 na naitirojin ɗinsa a shukar farko. Abin da zai kai ga saiwa bai wuce kilo 18 ba, ƙasa da abin da ke cikin buhun yuriya guda. Fotash kuwa labarinsa daban, domin ba a ɗaure yake cikin jikin takin ba. In akwai kashi 1.2, kilo 72 ke nan, kuma yawancinsa shuka za ta samu a wannan kakar, wato ya fi abin da buhu 8 na kamfa suka bayar.

Akwai kuma tambayar inda za a samo shi. Tsibi yana rasa kusan rabin busasshen nauyinsa wajen ruɓewa, don haka tan 6 na bukatar ɗanyen kaya tan 12. Hektar masarar da ta ba da ƙwaya tan 3 tana barin kara kusan tan 3. Ke nan takin hekta ɗaya ta kokwamba zai ci ragowar hekta huɗu, ga dabbobi na jiran harawar, ga ita gonar masarar ma tana bukatar a bar mata wani abu. Ga sara, ga dako, ga ruwa, ga juyi. Mai ƙaramin lambu wannan ba zai gagare shi ba. Mai babbar gona kuwa gara ya daina watsawa ko'ina, ya zuba giram 300 zuwa 500 a kowane rami ko a tsakiyar kunya, inda saiwa take.

To me ya sa duk da haka muke cewa kada a shuka kokwamba babu shi? Domin yana yin abin da babu buhun da zai yi. Ruɓaɓɓen taki yana sa jigawa ta riƙe ruwa, yana sa laka ta sassauta ta sha iska, kuma saiwar kokwamba ba ta jure ƙishi ba ta jure kwanciyar ruwa. Ɗacin da ake ji a wasu 'ya'yan daga sinadarin kukubitasin yake, wanda ke ƙaruwa in shukar ta wahala da ƙishi ko zafi, gwargwadon irinta. Ba takin zamani ne ke sa ɗaci ba, kamar yadda ake yawan faɗa, saiwa ba ta bambance naitiret ɗin buhu da na tsibi. Amma ƙasar da ke bushewa tsakanin ban ruwa da ban ruwa tana sa shi, taki kuma yana rage wannan hawa da saukar. Haka nan yana riƙe fotash da kalsiyam da magnesiyam kada ruwa ya tafi da su, har wanda aka zuba daga buhu. Yana kuma kawo sulfa da zinki da boron, waɗanda yawancin kamfa ba ta da su, ga shi boron yana da hannu a ƙulla ɗa.

A tashar bincike ta Rothamsted da ke Ingila akwai filin alkama mai suna Broadbalk da ake gwaji a cikinsa tun 1843. Sashen da ake zuba wa takin dabbobi tan 35 a hekta duk shekara, kabon ɗin ƙasarsa ya ninka na sashen takin zamani fiye da sau biyu. Duk da haka sashen da ke samun cikakken takin zamani ya riƙa ba da alkama daidai da shi, kuma a shekaru da dama amfani mafi yawa ya fito ne daga inda aka haɗa takin dabbobin da ƙarin naitirojin. Alkama ba kokwamba ba ce, amma darasin ya ma fi kama kokwamba, tunda ita saiwarta ta fi gajarta.

Inda takin ragowa ke cutarwa

Kada a saka yaɗon kokwamba ko kankana ko kabewa da ya mutu da cuta a tsibin da zai koma gonar kokwamba. Fangas ɗin da ke sa yanƙwanewa da wasu ƙwayoyin bairos suna tsira a gefen tsibin da bai yi zafi ba. Ɗanyen ganye da aka binne dab da shuka yana tayar da fangas mai ruɓar da wuyan tsiro, yana kuma jawo ƙudan da tsutsarsa ke cin iri a cikin ƙasa, shi ya sa ake barin mako biyu zuwa uku tsakanin binnewa da shuka. Busasshen kara da bai ruɓe ba yana kiran gara.

Maganin ciyawa ma abin dubawa ne. Magunguna irin su aminopyralid da clopyralid da picloram suna bin kara da ciyawa, suna ratsa cikin dabba su fito a kashinta, kuma zafin tsibi ba ya karya su. A 2008 masu lambu da dama a Birtaniya sun yi asara saboda takin dabbobi mai ɗauke da aminopyralid. Alamarsa sabon ganye ya naɗe ya ƙanƙance kamar cokali. Duk kara ko kashin da ba a san tarihinsa ba, a gwada shi da irin wake a tukunya na mako uku, wake yana saurin nunawa.

Tunda kokwamba ɗanya ake ci, ɗanyen kashin dabbobi ba shi da wuri a gonarta. Ƙa'idar noma marar sinadari ta Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbin amfanin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Kokwamba ba ta kai ko ɗaya daga cikinsu ba kafin tsinkar fari, don haka sai wanda ya bi ta tsibi mai zafi.

Ɗanyen kara yana da wuri guda da yake aiki ba tare da ɓarna ba, wato saman ƙasa. Shimfiɗar karan shinkafa mai kaurin santimita 5 zuwa 7, bayan tsiro ya yi ganye uku ko huɗu, tana tsare laima, tana danne ciyawa, tana hana 'ya'ya kwanciya a taɓo, kuma da yake ba a gauraya ta da ƙasa ba, ba ta cin naitirojin ɗin saiwa sai kaɗan. A bar tazarar tafin hannu tsakaninta da gindi.

Haɗin da muka fi amincewa da shi

Mako biyu kafin shuka a gauraya nunannen taki giram 500 a kowane rami, wato tan 10 a hekta, cikin santimita 15 na sama. Ranar shuka a sa kamfa giram 10 a tsaga gefen rami, wato buhu 4 a hekta maimakon 8, domin fosfat ba ya tafiya cikin ƙasa, da wuri ake son saiwa ta tarar da shi. Yuriya giram biyu da rabi lokacin da shukar ta fara yaɗo, wajen mako uku da fitowa, wani giram biyu da rabi in 'ya'yan farko sun ƙulla. Jimillar naitirojin za ta zo wajen kilo 90, fotash ya kusa 100, wato daidaiton da tsarin buhu zalla bai samar ba. A jigawa a raba yuriyar gida uku. A shuka ta biyu da ta uku a wuri ɗaya, ragowar naitirojin ɗin takin baya zai fara fitowa, sai a rage yuriya. In da kashin kaji ake haɗa tsibin, fosfat yana taruwa, gwajin ƙasa duk shekara biyu zai nuna lokacin da za a iya janye kamfa a koma yuriya da fotash kaɗai.

Daga tsinkar fari, siffar 'ya'yan ce za ta faɗi abin da ya rage. Ɗan da ya ɗashe ya yi tsini ta wajen fure, naitirojin ya gaza, a ƙara yuriya kaɗan. Wanda ya sirance ta wajen mariƙi ya kumbura ta ƙarshe, tare da tsofaffin ganye masu ƙunar gefe, fotash yake nema, giram 3 na SOP ga gindi ya isa. Wanda ya lanƙwashe ko ya tsuke a tsakiya kuwa, yawanci barbarar fure ce ba ta cika ba ko ruwa ne ya yanke, ƙarin taki ba zai miƙar da shi ba. A duba ko ƙudan zuma na zuwa da safe, a kuma mai da feshin maganin ƙwari zuwa yamma, bayan furen ranar ya rufe.